Baƙar Leda da Jakar Cefane: Jawabin 'Yan Kasuwa ga Jama'armu ta Kurudu



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban wannan ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu mata da ke zaune daga can gefe, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da samarinmu, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Bayan haka, an nemi mu masu shaguna da masu tebur mu ce wani abu game da kwatocin unguwarmu da ke toshewa duk damina. Da muka zauna muka duba, sai muka ga maganar ba ta yi nisa da mu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe shebur ranar yasar kwata ya san abin da ake fitarwa: yashi kaɗan, robar lemo kaɗan, sauran duk leda ce, baƙa da fara da ta fiya-wata. To wa ya ba mutane wannan leda? Mu ne. Daga hannunmu take fita kullum tun safe har dare, shi ya sa muka ce gara mu fara da kanmu.

Masu shekaru irin namu ba su manta ba. A garuruwan da muka baro, Kano ne, Katsina ce, Zariya ce, idan aka aiki yaro sayen ƙosai da kwano yake fita. Man gyaɗa da manja a kwalba, tsire a takardar buhun siminti, goro a ganye, hatsi a ƙwarya ko a kwando. Ko nan ma mun iske masu masaukinmu Gbagyi, matansu na ɗauko doya daga gona a kafaɗa cikin manyan ƙore, babu mai neman leda. Bayan da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a suka yi ta kwararowa, Nyanya ta cika, Karu ta cika, aka gangaro Jikwoyi da Kurudu har Orozo da Karshi. A waɗannan shekarun ne kuma ruwan leda ya shigo, leda ta zama kamar gishiri, babu cinikin da ba ta shiga.

Yanzu dubi yadda muke yi. Mutum ya sayi magi, a ƙulla masa a santana. Ya sayi attarugu, wata ledar. Albasa, wata. Sannan a haɗa su duka a zuba a baƙar leda, in kayan da nauyi ya ce a ninka masa biyu. Mu ƙaddara gida ɗaya leda goma yake karɓa a rana, kuma kowa ya san akwai gidajen da suka fi haka. A shekara ya karɓi 3,650 ke nan. Ku lissafa gidajen da ke layinku kaɗai. Ita kuwa leda ba ganye ba ce da za ta ruɓe ta zama taki. Daga man fetur da gas ake yin ta, irin abin da ake sarrafawa a masana'antar Eleme ta Jihar Ribas, kuma tana iya shekara da shekaru a cikin ƙasa, sai dai ta dagargaje. Ko baban bola ba ya tsintar baƙar leda, don ba ta da nauyin da za a ɗora a sikeli.

Wanda ya fi cin wuya a hannunta shi ne dabba. Yawancinmu muna da 'yar akuya ko tunkiya a gida, wasu suna turke rago don Layya. Dabba tana jin ƙanshin gishiri ko mai a jikin leda sai ta haɗiye, ledar kuwa ba ta narkewa, sai ta taru a tumbi ta dunƙule. Za ka ga ciki ya yi tulu amma dabba tana ramewa, ka ba ta dusa ta shinshina ta kau da kai. Akwai ɗaya daga cikinmu nan, ba za mu kira suna ba, wata biyar yana ɗawainiya da ragonsa, harawa da ƙowa da allura, a ƙarshe dole aka yanka kafin Salla. Da aka farke tumbin, abin da aka ciro sai da ya cika roba. Wanda yake shakka ya je mayankar Karu da sassafe ya tambayi mahauta abin da suke gani.

Iyayenmu mata, a yi mana afuwa, kalma biyu ce. Hura gawayi da leda da ake yi, wannan baƙin hayaƙin ƙirjinku yake shiga, da na yaron da ke goye. Sai kuma malmala tuwo da zafinsa a leda, da kunu, da alala. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna jan kunne a kan haɗa abinci mai zafi da leda. Kwanon samira da kula da gwangwanin alala duk suna nan, ba su ƙare a kasuwa ba.

Mun san abin da ke hana mu, kuma gara a faɗe shi a fili. Baƙar leda rufin asiri ce. Magidanci ya dawo da yamma da ita a hannu, maƙwabci bai san ko nama ne a ciki ko garin kwaki ba. Wannan gaskiya ne, ba ma raina shi, musamman a wannan zamani na tsadar rayuwa. Sai dai jakar bakko ma ai ba ta tona asiri, ta ma fi leda rufewa, kuma ba ta yagewa a kan acaɓa tumatir ya watse a titi. Na biyu, girman kai. Namiji yana ganin riƙe jaka ko kwando aikin mata ne. Alhali kuwa mun taso mun ga iyayenmu fatake da jakar fata rataye a kafaɗa, babu wanda ya ce sun rage daraja. Gana-masgo ɗin nan da muke cusa kaya idan za mu gida Salla, wadda ta samo sunanta daga korar baƙi ta 1983, ai ita ma jakar da ake sake amfani da ita ce, wani tasa ta shekara goma.

Na uku ya shafe mu 'yan kasuwa. Leda ba kyauta muke samun ta ba, bandir-bandir muke saye, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗinta ya tashi kamar komai. Ko dai ta ci ribarmu, ko mu ɗora wa mai saye ba tare da ya sani ba. Amma idan mai shago ɗaya ya ce ba zai ba da leda ba, abokin ciniki sai ya tsallaka shagon gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba mun haɗa baki ba, wanda ya fara shi zai yi asara.

Wasu za su ce a jira doka. Ruwanda ta hana leda tun 2008. Kenya ta bi baya a 2017, da tara mai tsanani har da ɗauri. A nan gida, Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairun 2024, ta kuma fara tilasta hana siraran ledoji daga 1 ga Yulin 2025. A watan Yunin 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince a daina amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗan kasuwar da ya tara kwalayen leda a sito ya yi tunani. To amma doka kaɗai ba ta share gari. Nijar ta yi tata dokar tun 2014, kuma masu zuwa Maraɗi sun san har yanzu leda na lilo a kan ƙaya. Hukumar kula da muhalli ta Abuja da ƙaramar hukumar AMAC suna da nasu aikin, muna kuma kira gare su da su riƙa kwashe shara a kan lokaci, sai dai ba su za su hana ɗanka jefa ledar fiya-wata a kwata ba. Kuma kada mu manta, mu baƙi ne a nan. Idan ruwa ya shiga ɗakin maƙwabci saboda kwatar layinmu, ba zai ce wane ba, cewa zai yi Hausawa. A Islamiyya an koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya lada ne. To ina ga wanda ya zuba shi?

Ga abin da muka amince a tsakaninmu, muna neman goyon bayanku. Daga farkon wata mai kamawa, ciniki ɗaya leda ɗaya, ba ninki. Wanda ya zo da jakarsa ko kwanonsa za mu yi masa gyara, ko albasa ɗaya ce, ko 'yan ƙwayoyin magi, daidai da kuɗin ledar da ya rage mana. Za mu ajiye bakko a shagunanmu mu sayar a yadda muka saro. Telolinmu kuma sun ce duk wanda ya kawo tsohon buhun shinkafa ko ƙyallen atamfa za su ɗinka masa jaka mai hannu a kuɗi kaɗan. Leda biba mai kauri da ta riga ta shigo gida, a wanke, a shanya, a ninke a ajiye, za ta yi zuwa kasuwar Laraba ta Nyanya sau da yawa. Amma wadda aka zuba ɗanyen nama ko kifi, kada a mayar da ita ga abinci, a tara shara a cikinta a ɗaure baki, a kai bola inda dabba ba za ta kai ba. Masu sayar da fiya-wata kowa ya rataye buhu a gefen kularsa, wanda ya sha ya jefa a ciki.

Masu nama da masu niƙa sun ce nasu lamarin daban ne, suna neman a ba su lokaci su yi shawara, kuma mun ga suna da hujja. Za su kawo mana amsa a zama na gaba in Allah ya kai mu. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, duk mai shago ko mai tebur da ya yarda ya rubuta sunansa da layinsa kafin ya fita.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.