Besbol da Sofbol a Gasannin Ƙasa da Ƙasa: Tarihin Shiga da Fita



Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne tarihin wasanni biyu 'yan gida ɗaya, watau besbol da sofbol, da irin faɗi-tashin da suka yi wajen neman gurbi a manyan gasannin da ke tara wasanni iri-iri, musamman Olamfik. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: mene ne ke sa a karɓi wasa a irin wannan taro, kuma mene ne ke sa a kore shi?

Da farko bari mu san wasannin. A besbol, kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 9. Ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya doke ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu ya zagaya tashoshi huɗu. In ya dawo inda ya tashi ba a fitar da shi ba, an ci maki ɗaya ke nan. A Amurka wasan ya girma, kuma dokokin da wata ƙungiya ta birnin New York ta rubuta a 1845 suna cikin tushen dokokinsa. Shi kuwa sofbol an ƙago shi ne a Chicago a 1887 don a riƙa yi cikin ɗaki lokacin hunturu. Ƙwallonsa ta fi girma, filinsa ya fi ƙanƙanta, kuma daga ƙasa ake lilo hannu a yi jifa.

Besbol bai bi hanyar da ƙwallon ƙafa ta bi ba. Ƙwallon ƙafa ta bi sawun Ingilishi ta game duniya. Besbol kuwa inda hulɗar Amurka ta yi ƙarfi nan ya tsaya. Ɗaliban da suka yi karatu a Amurka suka kai shi Kyuba wajen 1864, wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson kuma ya koyar da shi a Japan wajen 1872. Daga nan ya kafu a tsibiran Karebiyan, da Benezuwela, da Meziko, da Koriya, da Taiwan. Inda ya shiga ya shiga sosai, amma wuraren ba su da yawa. Wannan shi ne tushen duk wahalar da za mu gani.

A gasannin nahiyoyi bai sha wuya ba. Tun gasar nahiyar Amurka ta farko, wadda aka yi a Buenos Aires a 1951, akwai besbol a ciki. Kyuba ce ta ci, daga baya kuma ta ɗauki zinariya sau 10 a jere, daga 1971 zuwa 2007. Dalili kuwa shi ne bayan juyin juya halin 1959 gwamnatin Fidel Castro ta soke wasan kuɗi, saboda haka gwanayen ƙasar duka suka zama 'yan ƙungiyar ƙasa, alhali Amurka 'yan jami'a take aikawa. A gasar Asiya an shigar da sofbol a 1990, besbol kuma a 1994. A Koriya ta Kudu zinariyar wannan gasa tana da wata daraja ta musamman, domin wanda ya ci ta akan ɗauke masa cikakken aikin soja na tilas. Mu ma a Afirka mun taɓa abin: an yi besbol a gasar Afirka ta Johannesburg a 1999 da ta Abuja a 2003, Afirka ta Kudu ta zo ta ɗaya a duka biyun, Nijeriya na biye da ita.

A Olamfik ne aka sha doguwar jira. An fara nuna besbol a Stockholm a 1912, aka sake nunawa a Berlin a 1936, da Melbourne a 1956 inda mutane fiye da 100,000 suka kalla, da Tokyo a 1964, da Los Angeles a 1984, da Seoul a 1988. Duk wannan nuni ne kawai, ba a lissafa shi cikin lambobin gasa. Sai a Barcelona a 1992, shekara 80 bayan Stockholm, aka ba shi cikakken matsayi. Kyuba ta ci zinariya a 1992 da 1996 da 2004, Amurka ta ci a 2000, Koriya ta Kudu kuma a 2008. Sofbol ya shigo a Atlanta a 1996, na mata zalla. Matan Amurka suka ci sau uku a jere, har a Athens a 2004 suka tara maki 51, aka ci su 1 tak.

Amma kafin a je ko'ina, a watan Yuli na 2005, Kwamitin Olamfik na Duniya ya zauna a Singafo ya kaɗa ƙuri'a, aka cire wasannin biyu daga gasar 2012. Rabon da a kori wani wasa haka tun folo, wanda aka yi na ƙarshe a 1936. Dalilan da aka fi ambata uku ne. Na ɗaya, ƙasashen da ke wasan ba su da yawa, Turai kuwa, wadda ke da ƙuri'u masu yawa a kwamitin, ba ta damu da shi ba. Na biyu, gina filin besbol a garin da ba a wasan asarar kuɗi ce, don da an watse sai ya zama kufai. Na uku, wanda ya fi nauyi, babbar hukumar besbol ta Amurka ta ƙi dakatar da kakarta. Kowace ƙungiya a can tana wasa 162 daga bazara zuwa kaka, daidai lokacin Olamfik, kuma masu ƙungiyoyin ba su yarda su saki taurarinsu ba, ko da yake an buɗe wa ƙwararru ƙofa tun 2000. Ga kuma zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ya dabaibaye wasan a lokacin.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Laifin babba, rowa. Amma a wannan karo ƙarami ne ya biya. Ɗan besbol na Amurka yana da albashinsa na miliyoyi, ko da Olamfik ko babu. Matan sofbol kuwa Olamfik ce babbar kasuwarsu, kuma a ƙasashe da yawa gwamnati ba ta ba wasa kuɗi sai in yana cikin Olamfik. Ƙuri'arsu ma kunnen doki aka yi, 52 da 52, amma da yake ana bukatar rinjaye sai suka faɗi. Masu cewa Amurka ta yi kaka-gida a wasan sun sami amsa a Beijing a 2008, inda Japan ta doke ta da 3 da 1, bayan Yukiko Ueno ta yi jifa 413 cikin kwana biyu.

Ganin haka, hukumomin wasannin biyu suka haɗe suka zama ɗaya a 2013, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin Olamfik kuma ya kawo sabuwar doka mai ba gari mai masaukin baƙi damar ƙara wasannin da mutanensa ke so. Ta wannan ƙofa suka dawo a gasar Tokyo, wadda annobar korona ta sa aka yi a 2021. An buɗe wasannin a Fukushima, yankin da girgizar ƙasa da hatsarin nukiliya suka afka wa a 2011. Japan ta ci zinariya biyun, kuma Ueno, bayan jiran shekara 13, tana cikin waɗanda suka ci. Paris ba ta ɗauke su ba a 2024, amma a 2023 an amince su dawo a Los Angeles a 2028.

To, jama'a, me muka koya? Kyan wasa da yawan masoyansa a gida ba su isa su ba shi kujera a taron duniya ba. Sai ya yaɗu a nahiyoyi, sai gwanayensa sun yarda sun zo, sai kuma kuɗin shirya shi bai fi ƙarfin mai masauki ba. Ku da wata rana za a ɗora wa tsara kasafin wasanni, ku lura: wasan da aka jingina shi ga gasa ɗaya, ran da aka cire shi daga gasar ran nan zai durƙushe. Abin da ya raya besbol a Japan da Kyuba cikin shekarun kora shi ne makarantu da filayen unguwa. Can ne ya kamata kuɗi ya fara zuwa.