Komawa Kan Sirdi: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

 

Kwamitin al'adu ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani buri da muka daɗe muna jin sa a bakin jama'a, wato mu koma kan dawakinmu. Buri ne mai kyau, domin garin nan sunan barde yake ɗauke da shi, Namoda, wanda yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Haka kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai kowa ya san yadda rashin tsaro da tsadar harawa da dawa suka sa da yawa daga cikinmu suka sayar da dawakinsu, wasu kuma suka bar su a turke. A zauren nan akwai wanda ya yi shekara biyar bai sa ƙafa a likkafa ba, akwai mai shekara goma. Abin da muke son mu duba shi ne yadda za a koma ba tare da an yi asarar rai ko gaɓa ba.

Bari mu ɗauko misali daga wasu mutane da wasansu ya fi namu haɗari, wato masu dirowa daga jirgin sama da laima. Sukan fito daga jirgi a nisan mita kusan 4,000 daga ƙasa, su yi ta faɗowa da gudun kilomita kusan 200 a awa kafin su buɗe laimar. Ƙungiyarsu ta Amurka tana da ƙa'ida a kan wanda ya yi hutu. Mai ƙaramin lasisi, idan ya yi kwana 60 bai dira ba, sai ya sake dira a ƙarƙashin kulawar malami. Gwani mai babban lasisi ma, idan ya kai kwana 180, hukuncin ya hau kansa. Laimar ko-ta-kwana da suke goyawa kuwa, doka ta ce duk kwana 180 sai ƙwararre ya warware ta, ya duba, ya sake naɗewa, ko da ba a taɓa buɗe ta ba.

Tsohon shugaban Amurka, George Bush babba, ya dira da laima a 1944 lokacin da aka harbo jirginsa a tekun Fasifik. Bai sake ba sai a 1997, yana da shekara 72. Duk da muƙamin da ya riƙe, sai da ya zauna aka koya masa daga farko, kuma malamai ne suka fito daga jirgin tare da shi. A 2014, ranar da ya cika shekara 90, ya sake dira, amma a ɗaure da wani gwani. Bai ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci ba.

Mu kuwa a nan, girman kai ne babbar matsalarmu. Mutum ya tuna yadda yake zamiya a gaban fada yana saurayi, sai ya ɗauka jikinsa ma ya tuna. Mun ga wannan da idonmu. Wani ɗan'uwanmu, mahayi na gaske a zamaninsa, ya ari doki da safiyar salla bayan shekara bakwai, ya ciro sirdinsa daga ɗaki ya kakkaɓe ƙura. Ana tsakiyar sukuwa majayi ya tsinke, sirdi ya juye da shi, ya karye a ƙugu. Wata huɗu ya yi a kwance, damina ta wuce bai shiga gonarsa ba. Allah ya taƙaita dokin bai bi ta kan yaran da ke bakin hanya ba.

Abubuwa uku ne suke lalacewa a lokacin hutu. Na farko jikin mahayi: cinya ta saki, baya ya yi tauri, nauyi ya ƙaru. Na biyu doki: wanda ya daɗe a turke numfashinsa ya ragu, kofatonsa ya yi tsawo, kuma ya manta da ƙarar bindiga da tambari, yana iya firgita cikin taro. Na uku kayan hawa: fatar da ta sha hunturu da bazara ba a shafa mata mai ba takan bushe ta tsage daga ciki, alhali a ido lafiya lau take.

Saboda haka muke gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu. Duk wanda ya yi shekara ɗaya bai hau ba, ya fara kilisa aƙalla mako shida kafin salla, da tafiya a hankali, sannan sassarfa, sukuwa ta zo a ƙarshe. A zaɓi dattawa uku cikin tsofaffin mahaya, kada wanda ya yi hutu ya shiga sukuwa sai sun gan shi a kan doki sun amince, ko ɗan wane ne shi. A kai kowane sirdi da majayi da linzami wurin dukawa su duba, ƙungiya ta biya wa marar hali. A kuma ja igiya tsakanin dawaki da 'yan kallo, a sa matasa su tsare ta.

Mu 'yan kwamiti za mu fara da kanmu. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu fito kilisa, kuma mun roƙi iyayenmu dattawa su zo su gyara mana zama kamar ranar da muka fara koyo. Mai doki ya zo da dokinsa, mai sirdi ya zo da shi a duba.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, ya hawar da mu lafiya, ya saukar da mu lafiya.