Matan da Aka Binne da Makamai

Yau zan kai ku kudancin tsaunukan Ural, wajen iyakar Rasha da Kazakistan. A nan Sarmatiyawa, makiyaya mahaya dawakai, suka taso kusan ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yarensu ɗan'uwan Farisanci ne, kuma Osetiyawan yankin Kaukasus na yau jikokinsu ne.

Herodotus, masanin tarihin Girka, ya ce kakanninsu 'ya'yan samarin Sitiyawa ne da wasu mata mayaƙa. Wai budurwa ba ta aure sai ta kashe abokin gaba. Mutane da yawa suka ce tatsuniya ce.

To, a shekarun 1990 masu tono suka buɗe tudun kaburbura a Pokrovka, sai ga mata kwance da wuƙaƙe da kawunan kibau. Ni dai a ganina mu bi a hankali, domin makami a kabari yana iya zama alamar daraja kawai. Amma fa akwai wadda aka tarar da kan kibiya a cikin jikinta. Wannan kam ba ado ba ne.

Ku me kuka gani? Sai mun haɗu a shiri na gaba.