Sunan kaka a littafin lanho: yadda ake neman asalin gida a takardun bariki

Matanin lacca ga ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati



Duk wanda ya taɓa halartar shari'ar gona ko takarar sarautar kanto ya san inda magana take cijewa. Wannan ya ce kakansa ne ya sare dajin, wancan ya ce aro aka ba kakan. Sai alƙali ya tambaya: ina shaida? Dokar tsarin karkara ta 1993 ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada daidai yake da wanda ya samu ta hanyar takarda. Amma tsofaffin da suka san iyakoki suna ƙarewa, kuma ranar da babu su, mai takarda ne ke rinjaye. Saboda haka neman asalin gida ya wuce hirar dare. Magana ce ta gona da rijiya da rawani.

Abin da ya kamata mai bincike ya fara sani shi ne wanda ya rubuta takardun, da dalilin da ya sa ya rubuta su. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka raba ƙasa yanki-yanki, kowane da kwamandansa. Kwamanda bai damu da tarihin kowa ba. Abu uku yake nema: lanho, ƴan aikin dole, da samarin da za a ɗauka soja. Don haka yake fita rangadi da tafinta da gardi, a tara gari, a rubuta sunan kowane maigida, matansa, ƴaƴansa da dabbobinsa. Waɗannan littattafan ƙidaya su ne babbar taska ga mai neman asali. Bayan su akwai rahotannin rangadi, da takardun da ake buɗe wa kowane sarki, inda ake rubuta gidan da ya fito da abokan takararsa, da littattafan kotun al'ada, inda shaidu ke faɗin sunayensu da dangantakarsu da masu ƙara.

Sai dai takardar da aka rubuta don karɓar kuɗi ba ta rasa ƙarya, domin wanda ake ƙirgawa ya san abin da ƙirgar take nufi. Maigida yakan tura ɗansa daji ranar ƙidaya, ya rage shekarun wani, ya ɓoye shanu saboda jangali. Rashin ganin suna a littafi bai nuna cewa ba a yi mutumin ba. Sai a 1946 aka soke aikin dole, kuma kafin nan ɓuya dabara ce ta tsira.

Tarko uku ke jiran mai bincike. Na farko shekaru. Yawancin mutanen karkara ba a yanke musu takardar haihuwa ba sai ranar da lakkol ko aikin gwamnati ya buƙace ta. Sai a je gaban alƙali da shaidu, a dubi tsawon yaro, a rubuta «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza. Maganin wannan shi ne a auna shekarun da abubuwan da kowa ya san lokacinsu: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, samun ƴancin kai a 1960. Tsohuwar da ba ta san shekarar haihuwar ɗanta ba ta san ko tana goye da shi lokacin da gari ya tashi daga kwari ya hau tudu.

Tarko na biyu suna. Bahaushe ba ya da sunan gida guda da ake gado. Sunansa da na mahaifinsa yake ɗauka, saboda haka kowane ƙarni sunan baya yana sauyawa. Ga kuma alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai laƙabi ya danne sunan yanka. Mutum guda yakan fito Nomau a littafin lanho, ya fito Issoufou a takardar soja. Rubutun ma ya bambanta: Mahamadou, Mahamane da Mamane duk suna iya zama mutum ɗaya, kamar yadda Tasawa ta koma Tessaoua, Tsibiri ta koma Tibiri. Amma laƙabin kansa shaida ne. Nomau haihuwar lokacin noma ne, Ɗan Azumi na watan azumi, Anaruwa kuwa ana cikin ruwa ya zo.

Tarko na uku wuri. Takarda tana bin hedkwatar da ke mulkin gari lokacin da aka rubuta ta. Damagaram ce babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926, sannan aka koma Yamai. Maraɗi ta daɗe ana mulkinta daga Tasawa. Bayan ƴancin kai, gyaran 1964 ya soke yankunan kwamanda ya kafa jihohi bakwai, a 2004 kuma aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi. Kowane sauyi ya motsa akwatunan takardu. Wanda bai fara tambayar inda garinsu yake biyan lanho a lokacin kakansa ba zai yi ta bugun ƙofar da ba ita ba.

Ina ake samun takardun? A fara da na kusa: ma'aikatar magajin gari, tsohon ofishin kwamanda, kotu, da fadar sarki. Daga nan sai gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai. Takardun gwamna janar na Afirka ta Yamma suna Dakar, kuma akwai kwafinsu a Aix-en-Provence ta Faransa. Bayanan waɗanda suka yi wa Faransa soja ana neman su a garin Pau. Gidan da aka ce wani nasu ya gudu ya tsallaka iyaka saboda lanho ko aikin dole, sawunsa yana iya kasancewa a takardun Ingilishi da ke ajiye a Kaduna. Kafin a ɗauki jaka, a karanta abin da aka riga aka buga: bayanan sarautu da tafinta Landeroin ya tattara lokacin aikin shata iyaka na Tilho, tsakanin 1906 da 1909, da littafin André Salifou na 1971 kan Damagaram, da na Djibo Hamani na 1975 kan Adar.

Duk da haka, takarda rabin shaida ce. Mata ba su cika fitowa a cikinta ba sai a ƙarƙashin sunan miji, don haka dangin uwa a bakin tsofaffin mata suke. Maroƙa suna riƙe da jerin kakanni a cikin kirari. Malamai sukan rubuta ranar haihuwa da rasuwa da rabon gado da ajami. Ba banza ba Bubu Hama ya tara irin waɗannan rubuce-rubuce, waɗanda suka zama tushen taskar cibiyar IRSH a Yamai. Ƙa'idar aikin guda ce: mutum ya fara da kansa, ya koma baya ɗaki-ɗaki, ya rubuta wanda ya faɗa masa kowace magana, kada ya yarda da suna sai baki da takarda sun haɗu a kansa.

Ya kuma shirya wa abin da zai tarar. Wani zai iske kakan da ake wa kirari gardi ne mai bulala. Wani zai iske kalmar bawa a gaban sunan da yake alfahari da shi. Faransa ta hana bauta da doka a 1905, Nijar ta mai da ita babban laifi a 2003, amma gorin bai mutu ba. Wanda ya buɗe takardun wani gida ya ɗauki amana, kuma wanda ya mai da su makamin siyasa ya ci amanar.

Saura aikin hukuma. Takardun nan sun fi shekara ɗari wasunsu, kuma gara da ɗigon ruwa ba su jiran kasafin kuɗi. Ma'aikacin da aka ba ajiyarsu ya jera su, ya rubuta abin da ke cikin kowane akwati, ya bari talaka ya duba kamar yadda mai hannu da shuni ke dubawa. Ɗan kasuwar da ke gina masallaci ba zai gaza sayen akwatin ƙarfe ga ma'aikatar garinsu ba. Shi kuwa mai tsoho a gida, kada ya jira ranar shari'a. Ya sayi littafi da alƙalami, ya zauna gabansa tun a wannan mako.

Allah ya sa a dace.