Soket ɗin Banɗaki da Wutar Gidajenmu

 Yau zan ɗan taɓo maganar wutar lantarki, saboda abin da na gani da idona.

Kwanan baya na kwana gidan wani ɗan'uwa a Samaru. A banɗakinsa, kusa da madubi, akwai ƙaramin soket mai rami biyu. Ɗansa ya jona buroshin haƙori mai caji tun da dare. Da asuba na ji ƙaurin roba, na taɓa murfin, sai da na janye hannu.

Mai gyaran wuta da muka kira ya buɗe ya nuna mana. Ashe akwai ɗan taransifoma a ciki, wanda yake raba wutar da layin gidan domin kada ta ja mai jiƙaƙƙen hannu. Ƙarfinsa bai wuce wat 20 ba, kuma don injin aski aka yi shi, aikin 'yan mintoci. Buroshin kuwa yakan kwana yana caji, wani ma ya wuni. Muddin filogi yana ciki, taransifoman yana ɗaukar zafi, ga shi a binne cikin bango inda ba iska. Sai wanda aka zana hoton buroshi a jikinsa ne aka yi don wannan aiki.

Na san wani zai ce, Fasto, mu asuwaki muka sani. Gaskiya ne. Amma ku shiga ɗakunan haya a Sabon Gari. Filogi mai ƙafa uku da aka rubuta 13A, a wutarmu mai bolt 230, iyakarsa kusan wat 3,000. Sai a ɗora masa dutsen guga, da hita, da murhun lantarki a kan ekstenshan guda, alhali kowannensu yakan ci wat 1,000 ko fiye. In fis ya ƙone, sai a ɗaure da waya. To, me ya rage da zai tsare gidan? An ɗauke wuta, an kwanta ba a kashe komai ba, a dawo da ita tsakar dare, yara suna barci.

Majami'unmu ma haka. Wayoyi nawa ake jonawa a bayan bagadi ran Lahadi?

Dattawa, ina roƙo kafin hunturu kowace ikkilisiya ta kira ƙwararre ya duba majami'a da gidan fasto. Soket da ya yi baƙi ko yake zafi, a canza shi. In wuta ta kama, a fara kashe babban makunni, a zuba yashi, kada a watsa ruwa.