BAYAN AN SALLAMO MARA LAFIYA
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Da sakatare ya aiko cewa ni zan yi magana a kan aikin zuciya, sai da na yi dariya, domin ni ba likita ba ne, ma'aikacin ofis ne, fayil na sani. Abin da ya sa na amsa shi ne, sau biyu ke nan wannan ƙungiya tana karo-karo don a kai wani namu tiyata, kuma duk sau biyun, ranar da aka ce an fito lafiya muka yi hamdala, muka rufe littafi. Ni kuwa na ga abin da ke biyo baya a gidanmu na Baturiya.

Duk mai son ƙwallo ya san Nwankwo Kanu. A 1996, bayan ya ciyo zinare a Atlanta, likitoci suka gano matsala a bawul ɗin zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka. Ya koma fili, ya tafi Arsenal a 1999, a shekarar kuma ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Wannan shi ake ba mutane labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 2014 sai da aka sake yi masa wani aikin. To, wannan fa mai hali ke nan, wanda likita ke duba shi a kai a kai.

A ƙasarmu ta fadama, yawancin matasan da ke buƙatar wannan aiki daga ciwon maƙogwaro suka faro. Yaro ya yi ta kuka da maƙoshi, a ce beli ne, a kai shi wurin wanzami, alhali wata ƙwayar cuta ce da fenisilin ke kashewa. Bayan 'yan makonni sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ce sanyi ne. Idan abin ya yi ta maimaituwa, sai ya lalata bawul ɗin zuciya. Duk wanda ya taɓa tayar da injin ban ruwa ya san abin da ke faruwa idan bawul ya daina riƙe ruwa: inji ya yi ta ƙugi, gona ba ta sha ba.

Haka ya faru da ƙanwata, 'yar baffana. Tana da shekara 19 a 2018 aka sa mata bawul na ƙarfe a wani asibiti a ƙasar waje. Yarinyar da ba ta iya ɗauko tulu daga bakin rijiya sai ta tsaya sau uku, cikin wata huɗu ta koma daka. Da dare idan gida ya yi tsit, akan ji bawul ɗin yana ƙas-ƙas kamar agogo, har ƙannenta suna yi mata tsiya.

Sai dai bawul iri biyu ne, kowanne da sharaɗinsa. Wanda ake yi da naman dabba ba ya buƙatar maganin tsinka jini na har abada, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, ga matashi ma ya fi saurin lalacewa, sai an sake buɗe ƙirji. Na ƙarfe yana iya kai mutum ƙarshen rayuwa, amma jini na daskarewa a jikinsa, saboda haka dole a sha wata ƙwaya mai suna wafarin kullum, babu fashi. Ita kuwa wafarin ba a shan ta da ka. Idan ta yi kaɗan, gudan jini ya toshe bawul ko ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Idan ta yi yawa, jini ya ɓalle ta hanci, ko dasashi, ko cikin kai. Ana gane daidai ne da wani gwajin jini da ake kira INR, kamar sau ɗaya a wata. Ga irin bawul ɗinta, likita na son lambar ta tsaya tsakanin 2.5 da 3.5.

Jama'a, a nan gizo ke saƙa. A daminar 2020 kogin Haɗeja ya yi ambaliya, hanya ta yanke, sai kwale-kwale. Maganinta ya ƙare, kemis ɗin da ke kusa ba ya ajiye shi, baffa kuma hankalinsa na kan shinkafar da ruwa ya cinye. Da yake ba ta jin ciwon komai, aka ce a bari ruwa ya janye. Kwana 20 ba ta sha ba. Wata asuba ta tashi bakinta a karkace. Allah Ya taƙaita, ta miƙe, amma har yau hannunta na hagu ba ya riƙe muciya. Ni da nake birni ina ɗaukar albashi ban tambaya ba ko da saura a kwalba, kuma wannan laifin nawa ne.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike mai suna REMEDY ya bi marasa lafiya 3,343 masu wannan ciwo a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da Indiya da Yaman. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna kusan 17 cikin 100 sun rasu cikin shekara 2, galibinsu matasa ne. Cikin masu shan maganin tsinka jini da aka gwada kuwa, waɗanda lambarsu ta yi daidai ba su kai ɗaya cikin uku ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a gaya wa dangi. Magunguna irin su Septrin da Flagyl suna ƙara wa wafarin ƙarfi, na ciwon jiki irin su asfirin da diklofenak kuma suna jawo zubar jini, ga shi duk ana sayar da su a tire ranar kasuwa. Ƙaho da sakiya sun haramta gare ta. Ganye kamar alayyahu da zogale suna rage ƙarfin maganin. Ba a ce a daina ci ba, a dai ci gwargwado ɗaya, kada yau kwano guda gobe babu. Ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta ta zauna a kan bawul. Bugu da ƙari, da yawa sai sun ci gaba da allurar fenisilin duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta aure. Wafarin na iya nakasa ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, barin ta kuma na iya kashe uwa. Da manemi ya fito, wasu a gida suka ce a rufe zancen kada a kore shi. Baffa ya ƙi, ya sa na kai su Kano tare, likita ya yi musu bayani su biyu. Ya aure ta. Da ciki ya zo, likitoci suka tsara mata magani tun daga farko, ta haihu a asibiti.

Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, ga kuma asibitin Salam da ke Khartum wanda ya fara yi kyauta a 2007, kodayake yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya. Wato masu yankan suna nan. Mai bin sawu ne babu.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina roƙon abu biyu. Duk lokacin da muka yi karo-karon tiyata, a ware kashi ɗaya cikin uku don magani da gwaji da kuɗin mota na shekarun baya, a kuma ba mutum ɗaya amanar tambaya, ya tabbatar kafin watan Yuli akwai maganin wata uku a gida. Na biyu, akwai ƙaramar na'urar gwajin INR, kamar ta masu ciwon suga, ɗigon jini ɗaya take bukata. 'Yan ajinmu sun yarda za su biya rabin kuɗinta idan ƙungiya ta cika, a ajiye ta wurin ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya a Haɗeja. Takardar tana wurin ma'aji, mai niyya ya sa hannu kafin a tashi.