Me Ya Hana Firist Tsayawa?

Karatunmu na yau yana cikin Luka sura 10, aya 25 zuwa 37. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ba yaro ɗaya ya karanta, wani kuma ya juya wa kaka da yaren gida.

Mun san labarin tun muna makarantar Lahadi. 'Yan fashi suka tare wani mutum a hanyar Urushalima zuwa Yariko, gangara ce cikin duwatsu, wajen kilomita 27. Suka yashe shi, rai kwakwai mutu kwakwai. Firist ya wuce. Balawi ya wuce. Basamariye ya tsaya.

Mukan yi saurin hukunta firist ɗin nan. Amma ku lura, ba jahili ba ne. Ya san umarnin ƙaunar maƙwabci da ke cikin Littafin Firistoci 19:18. Da an tambaye shi a Haikali ko ya kamata a taimaki mai rauni, da ya ce i, da gaske kuwa. Ra'ayinsa daidai ne, ƙafarsa ce ba ta tsaya ba.

Waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Darley da Batson, sun gwada wannan abu, suka buga sakamakon a 1973. Sun ɗauki ɗalibai 40 na makarantar tauhidi ta Princeton, masu shirin aikin Ubangiji kamar namu na makarantar Baibul. Aka ce kowane ya je wani gini ya yi ɗan jawabi, waɗansu ma a kan wannan misali na Basamariye. Aka ce wa waɗansu sun makara, su hanzarta. Waɗansu aka ce da sauran lokaci. A kan hanya kuwa an ajiye mutum a durƙushe, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba sa sauri, kashi 63 cikin 100 suka taimaka. Cikin waɗanda suka makara, kashi 10 kaɗai. Har akwai wanda ya tsallake mutumin, yana kan hanyar zuwa yin wa'azin Basamariye!

Kada mu yi dariya, gama tamu hanyar tana nan. Duk wanda ya bi titin Keffi zuwa Abuja da asuba, ta Masaka da Mararaba, ya san yadda kowa ke tsere da lokaci. In mai mashin ya faɗi, mutane sukan taru, kowa yana jiran wani ya fara. Wani yana tsoron a riƙe shi a matsayin shaida. Wani kuma, bari mu faɗi gaskiya, yakan fara duba fuska: ɗan Eggon ne, ko Mada, ko Gbagyi, ko Gwandara? Namu ne, ko Bafulatani ne? Tsakanin Yahudawa da Samariyawa ma akwai tsohuwar gaba, da gangan Yesu ya zaɓi Basamariye.

To, ashe abin da ke zuciya ba shi da amfani ke nan? A'a. Masana sun lura cewa ra'ayi yakan kai ga aiki in ya shafi takamaiman abu, in kuma mutum ya saba aikata shi. Mutum ya ce yana ƙaunar jama'a duka, wannan magana ce mai faɗi, ba ta taka birki. Amma wanda ya yanke tun a gida cewa in ya ga haɗari zai sauka ya kira taimako, shi ba ya tsayawa shawara da agogo. Yakubu sura 2 ma haka ta koya mana: fatan alheri da baki ba ya tufatar da mai jin sanyi.

Dubi Basamariyen. Tausayi ya fara kama shi, nan take hannu ya bi. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya ba mai masauki dinari 2, wato ladan aikin kwana biyu. Tafiyarsa ta lalace ranan nan, bai kuwa tambayi kabilar mutumin ba.

Saboda haka, iyaye, ku zauna da yara yau da dare ku yanke abin da gidanku zai yi. Ku rubuta lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a bayan littafin waƙoƙi, kira ne na kyauta. Ku sani kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya kuwa tana nan cikin Keffi. Masu zuwa sujada a guje kullum, ku gwada fita da wuri da minti 15.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu ci gaba daga aya 38, a gidan Marta da Maryamu. Ubangiji shi kiyaye ku.